Noma ba ƙasa: kada mu fara da wiwi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wata dabarar noma da ta daɗe a duniya, amma sai yanzu labarinta yake iso mana ta cikin wayar salula. Ana shuka ba tare da gona ba. Ana sa saiwar tsiro cikin ruwa, ko cikin tsakuwa, ko cikin ɓawon gyaɗa, a riƙa ba shi ruwan da aka narkar da taki a ciki. Tsiron ya girma, ya yi ganye, ya yi ƴaƴa. Turawa suna kiran wannan dabara idroponi. Wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka mai suna Gericke shi ya yaɗa sunan a shekarar 1937. Mu a nan bari mu kira ta noma ba ƙasa.

Dabara ce mai kyau. Abin da ya dame ni shi ne rigar da ta sanyo ta zo mana. Duk saurayin da ke da waya mai intanet yana iya cin karo da hotuna masu motsi na wani Bature a cikin ɗaki rufe, ga fitilu, ga bokitai, ga tabar wiwi ta yi kore shar. Ana nuna abin kamar wasa. Ana cewa ko ɗan koyo zai iya, kuma akwai kuɗi a ciki. Yaron da ya dawo daga bida, daga Libiya ko Aljeriya ko Abijan, da ɗan abin da ya tara a aljihu, yana zaune a fada ba aikin yi har damina ta faɗi, irin wannan hoto yana iya shiga ransa. Ra'ayina shi ne mu karɓi dabarar, mu bar wiwin inda muka gan shi. Ga dalilaina.

Na farko, doka. Mai yin hoton yana zaune a ƙasar da dokarta daban take da tamu. Ƙasar Urugwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada a 2018. Jamus ta yarda a 2024 babban mutum ya shuka har tushe 3 a gidansa. Maroko ta yi doka a 2021 ta noma shi don haɗa magani da aikin masana'antu, da izinin hukuma. Nijar ba ta cikin waɗannan ƙasashe. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta watan Satumba 1999 ta hana shuka wiwi, da sayar da shi, da ajiye shi, da shan shi. Ba ta bambanta wanda ya shuka a gona da wanda ya shuka a bokiti ba. Akwai kuma hukuma ta musamman mai farautar masu wannan sana'a, wadda ake kira OCRTIS. Ita ce a watan Maris 2021 ta kama tan 17 na daskararren wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai. To, hukumar da ta gano kayan manyan ƴan fatauci, ɗakin yaro a unguwa ba zai gagare ta ba. Kuma wiwi yana da wari. A garuruwanmu gida yana manne da gida, katanga ba ta da tsawo, yaran maƙwabta suna shiga ko'ina ba sallama. Ranar da ƴan sanda suka zo, ba yaron kaɗai zai amsa tambaya ba, har da mahaifin da gidan yake nasa.

Na biyu, lissafi. Bature ya shiga ɗaki da shukarsa saboda ƙasarsa tana da sanyi kuma rana ba ta ishe shi ba. Shi ya sa yake sayen hasken fitila da kuɗi. Wannan noma yana cin lantarki ba kaɗan ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya ƙiyasta cewa noman wiwi cikin ɗaki yana cinye kusan kashi 1 cikin 100 na dukan lantarkin wannan babbar ƙasa. Yanzu ku dubi Tawa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ka rufe ɗakin kwano, ka kunna masa manyan fitilu, ai ka gina tanda. Sai ka nemi na'urar sanyaya ɗaki, ita ma ta ci nata kuɗin. Ga wutar kanta ba ta da tabbas. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar, aka yi watanni ana wahala. Shukar da saiwarta ke cikin ruwa, idan famfon da ke ba ta iska ya tsaya a lokacin zafi, ba ta daɗewa. Mu da Allah ya hore wa rana har muna gudunta, abin dariya ne mu shiga duhu mu sayi haske.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi a wurina, wato lafiya. A cikin wiwi akwai wani sinadari da likitoci suke kira THC. Shi ne mai sa maye. Masu noman ɗaki suna zaɓen irin da sinadarinsa ya fi yawa, shi ya sa wiwin yau ya fi na da ƙarfi. A Amurka an auna wanda hukuma take kamawa. A 1995 sinadarin bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba. A 2014 ya kai kusan kashi 12. A 2019 likitoci suka buga sakamakon wani babban bincike da suka yi a garuruwan Turai da Barazil. Sun gano cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau 3. Idan kuwa mai ƙarfin yake sha kullum, haɗarin yana kusan sau 5. Sannan cikin masu sha 10, kusan 1 yana kamuwa har ya kasa bari. Wanda ya fara tun yana yaro ya fi saurin kamuwa, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙosawa ba.

Wani zai ce ai shi ba zai sha ba, sayarwa zai yi. Wa za ka sayar wa? Ba Bature zai zo daga Jamus ya saya ba. Ɗan maƙwabcinka ne, da ɗan kabu-kabun da zai ɗauki matarka zuwa asibiti, da ƙanenka. Mun riga mun ga abin da taramol ya yi wa samarinmu. Iyalin da ɗansu ya taɓu sun san tsadar abin. A sayar da akuya, a sayar da tunkiya, a bi malamai da bokaye, daga baya a ɗauki hanyar Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibiti. Gaskiya ne wasu ƙasashe suna fitar da magani daga wannan ganye, misali na wata irin farfaɗiyar yara. Amma wannan aikin likita ne, da awo, da takarda. Ba ya kama da abin da ake naɗewa a bayan tasha.

To, idan mun bar wiwi, me za mu yi da dabarar? A nan ne nake so mu tsaya mu duba da kyau, domin mu mutanen Adar muna da ƙarancin abubuwa biyu, ruwa da ƙasa mai kyau. Ruwan saman Tawa a shekara bai cika kai milimita 400 ba, kuma kana yin arewa wajen Barmu da Kawo da Abalak yana ƙara raguwa. Wanda yake kusa da tabkin Tabalak ko kwarin Keita yana da garka. Matar da take cikin gari a gidan haya ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa.

Mutanen Dakar a ƙasar Senegal sun sami hanya. Tun 1999, da taimakon hukumar FAO, mata suka fara abin da ake kira ƙaramar garka a kan tebur. Ana haɗa tebur na katako mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, a yi masa baki kamar akwati. A shimfiɗa leda a ciki, a huda gefe ɗaya a sa ɗan tiyo don ruwan da ya yi yawa ya fita a tare shi a sake amfani da shi. Maimakon ƙasa, sai a zuba ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa da ƙananan tsakuwar marmara. A dasa salati, ko tumatir, ko na'ana'a. FAO ta ce irin wannan tebur ba ya shan fiye da lita 3 na ruwa a rana, kuma yana iya ba da salati tushe 36 cikin kwana 60. Iyalai dubbai ne suka shiga wannan aiki a Dakar. Ba fitila, ba injin, ba rufe ƙofa. A tsakar gida ake yi, kowa yana gani.

Ba zan ɓoye muku inda gizo yake saƙa ba. Ɓawon gyaɗa ba shi da abinci a cikinsa, riƙe saiwa kawai yake yi. Abincin tsiron yana cikin ruwan taki na musamman da ake saye, kuma samun sa a kasuwannin ƙauye da wuya. Saboda haka ga mai farawa, shawarata ita ce ya bi tsaka-tsaki. Ya sami tsohuwar roba, ko rabin jarka, ko buhun siminti. Ya huda ƙasan. Ya haɗa yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi wanda ya huce sarai, ya shuka yakuwa, ko alayyafo, ko lalo. Ya ajiye inda rana take samu da safe, inuwa da azahar, ya kuma kare shi daga kaji da awaki. Idan ruwan rijiyarku yana da kanwa ko gishiri, ku yi gwaji da roba ɗaya tukuna. Ruwan da aka tara kuwa a rufe shi, kada garka ta zama gidan sauro. Ganyen da mace mai ciki da yaro za su ci sau uku a mako a tsakiyar rani yana taimakon jini da ido, kuma kuɗin cefane ya ragu.

Abu na biyu shi ne ɗanyar ciyawa ta dabbobi. A sansanonin ƴan gudun hijira na Tinduf, cikin hamadar Aljeriya, inda ƙasa ta fi tamu bushewa, hukumar PAM ta taimaka tun wajen 2016 ana tsirar da sha'ir a faranti don ciyar da awaki. Yadda ake yi ba wuya. A wanke ƙwaya da kyau, a jiƙa ta kwana ɗaya da dare, a tsane, a baza ta a faranti mai huji, a jingina farantin yadda ruwa ba zai kwanta ba. A ajiye a inuwa mai iska, a yayyafa ruwa sau biyu ko uku a rana. Cikin kwana 7 ko 8 ta yi tsawon tafin hannu, saiwar ta saƙu kamar tabarma. A ba dabba duka, ganye da saiwa da ƙwaya. Mu da ba mu da sha'ir, masara ko alkama suna yi.

Amma ku saurara, domin a nan ma masu talla suna ƙara gishiri. Za su ce kilo 1 yana zama kilo 6. Haka ne a kan sikeli, sai dai yawancin nauyin ruwa ne. Abincin da ke cikin ƙwayar bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu. Ribar ita ce dabba ta sami ɗanyen abu a lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Don haka bai maye gurbin harawa da kara da dusa ba. Ya dace da akuya mai shayarwa, ko ragon layya da ake turke. A shekarar da rumbu bai cika ba, ban ga hikimar ɗebe tiyar masara daga bakin yara a tsirar wa dabba ba.

Akwai haɗari uku da ya kamata kowa ya riƙe. Kada a tsirar da dawa. Tsironta yana da dafi, kuma makiyaya sun daɗe da sanin yadda gyauron dawa yake kashe saniya. Kada a yi amfani da irin shuka da aka shafa wa magani, wanda za ku gan shi da launin ja ko shuɗi. Kuma duk farantin da ya yi fumfuna ko ya fara wari, a zubar da shi, a wanke farantin da sabulu a shanya a rana. Da zafin bazara fumfuna tana saurin kamawa, shi ya sa mai koyo ya fi kyau ya fara da lokacin ɗari.

Kada kuma wani ya ɗauka tebur da faranti za su ciyar da gida. Tuwo daga gona yake fitowa. Mutanen Adar sun riga sun nuna wa duniya sun iya karɓar dabara daga waje su gyara ta. A 1989 wasu manoman Ilela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga ramukan da ake haƙawa a fako a zuba taki. Suka dawo suka gwada, yau tassa ta zama tamu, fakon da aka yar a wajen Badagishiri ya koma gona har ana sayen sa da kuɗi. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya mayar da itatuwa kan tsaunukan da suka zama ƙanƙo. Noma ba ƙasa ƙari ne a kan waɗannan, na mai zaman gari da na watannin rani.

Ina roƙon malaman gona da malaman yaƙi da jahilci su kafa tebur ɗaya a kowace cibiyar karatu, ɗalibai su riƙa rubuta ranar shuka da yawan ruwan da aka zuba da abin da aka tsinka. Ƙungiyoyin mata masu adashi suna iya haɗa kuɗin katako da leda. Samarin fada kuwa, masu wayar da suka fara ganin abin, su ne suka fi dacewa da aikin kafinta da harhaɗa tiyo, a biya su ladansu. Wanda ya yi niyya ya fara tanadin roba da taki tun kaka, domin a dasa salati da shigowar sanyi a watan Nuwamba.