Ina Sauran Labarin Masanan da Suka Koma Sin?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da sharhin da kuka buga kan yadda ƙasar Sin ta yi nisa a harkar sararin samaniya. Marubucin ya yi ƙoƙari. Ya kawo yadda kumbon Chang'e-6 ya ɗebo ƙasa daga bayan wata a 2024, abin da ba wanda ya riga su yi, sannan ya koma da mu kan masanan da suka baro jami'o'in Turai da Amurka suka dawo gida bayan 1949. Inda muka raba hanya da shi, wurin da ya ce sirrin abin shi ne samun shugaban da ba a yi masa musu. Na shekara talatin ina koyar da kimiyya a sakandare, sunayen mutanen nan ba baƙi ba ne a wurina, kuma akwai abin da ya bari a baya.

Mu fara da wanda ya fi yabo, wato Qian Xuesen. Ya tafi Amurka a 1935, ya yi karatu a MIT da Caltech, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar JPL mai binciken roka. Gaskiyar magana, Amurkawa da hannunsu suka miƙa shi. A 1950, lokacin da ake farautar 'yan kwaminis, suka zarge shi, suka tsare shi kimanin mako biyu, sannan suka yi masa ɗaurin talala na shekara biyar. A 1955 ya hau jirgin ruwa da iyalinsa ya koma Sin. Shekara goma sha ɗaya bayan haka ƙasar ta gwada makami mai linzami ɗauke da bam ɗin nukiliya, a watan Afrilun 1970 kuma ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko. Duk wannan ba na ja.

To amma a 1958, lokacin da shugaban Sin, Mao, ya ƙaddamar da shirinsa na Gagarumin Tsalle, wannan Qian ɗin ya rubuta a wata jaridar matasa ta jam'iyyar kwaminis cewa in aka lissafa ƙarfin hasken ranar da ke sauka a gona, amfanin da za a girba zai iya ninka na lokacin fiye da sau 20. Na taɓa yin lissafin nan a allo da ɗaliban aji shida. Lambobin suna hawa daidai, ba kuskure. Sai wani yaro daga kujerar baya, ɗan manomi, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu a gonarmu rana ba ta taɓa yi mana kaɗan ba, ruwa da taki ne ba mu da su." Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na ajiye alli. Abin da yaron nan ya gani, ba zai yiwu a ce mutum kamar Qian bai gan shi ba. A daidai wannan lokaci jami'an ƙauyuka suna ta aika wa Beijing rahoton girbin da ba a yi ba, gwamnati kuma tana karɓar hatsi gwargwadon ƙaryar da aka rubuta mata. Yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961 ta ci miliyoyin rayuka, masu bincike da yawa suna cewa wajen miliyan 30. Ban ce Qian ne ya jawo ta ba. Amma ya ara wa ƙarya sunansa a ranar da ake buƙatar masani ya ce a'a.

In za a yi masa adalci, a'a ɗin ba ta da arha. Ministan tsaro Peng Dehuai, mutumin da ya jagoranci sojojin Sin a yaƙin Koriya, wasiƙa guda ya rubuta wa Mao a 1959 yana nuna ɓarnar shirin, aka tuɓe shi. Ina ga farfesan da jiya-jiya ya sauko daga jirgin Amurka? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wanda nake so masu karatu su riƙe sunansa shi ne Yao Tongbin. Masanin ƙarafa ne, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya yi aiki a Jamus ta Yamma, ya koma gida a 1957. Aka ba shi shugabancin cibiyar da ke haɗa ƙarfen da ake ƙera roka da shi, irin wanda ba ya narkewa a zafin da injin ke fitarwa. Da aka shiga Juyin Juya Halin Al'adu a 1966, karatun ƙasar waje ya zama abin tuhuma, ma'aikatar tasu kuma ta rabe gida biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ne ɗan gaban goshin Mao. Ranar 8 ga Yuni, 1968, 'yan ɗaya ɓangaren suka same shi a unguwarsu suka yi masa dukan da bai tashi ba. Yana da shekara 45. Watanni huɗu bayan haka Zhao Jiuzhang, wanda ya yi karatu a Berlin kuma shi ne jagoran aikin tauraron nan na farko, ya kashe kansa saboda cin zarafin da ake yi masa. Tauraron ya tashi ba ya duniya. Sai da ta kai Firayim Minista Zhou Enlai ya sa sojoji su riƙa gadin wasu masanan, Qian yana cikinsu. Ka ga ke nan ran mutum bai rataya a kan doka ko kotu ba, sai a kan ko sunansa ya shiga takardar wani babba.

Ko waɗanda suka tsira sun biya. Deng Jiaxian ya gama digirinsa a Jami'ar Purdue a 1950, bayan kwana tara ya kama hanyar gida. Daga 1958 sunansa ya ɓace, ya shafe shekara 28 yana aikin bam a ɓoye, matarsa ma ba a yarda ya gaya mata abin da yake yi ba. Ciwon daji ya kashe shi a 1986. Kishin ƙasar irin waɗannan mutane ba abin wasa ba ne, kuma ba na yi musu kallon wawaye don sun koma. Sun tarar da abin da ya kamata a yaba: kuɗin bincike, ɗakunan gwaji, da gwamnatin da ta ɗauki aikinsu da gaske. Waɗannan ne suka tayar da roka. Rashin musun da marubucinku yake sha'awa, shi ya haifar da yunwa da gawar Yao.

Na damu da wannan ne saboda maganar tana yawo a majalisun hira a nan wurinmu, duk lokacin da aka tashi zancen likitoci da injiniyoyinmu da ke ƙasashen waje. Sai ka ji wani ya ce ai da za a sami mai ƙarfin hannu, da duk sun dawo kamar na Sin.

A 1999 gwamnatin Sin ta ba masana 23 lambar girma kan aikin bama-bamai da tauraron ɗan'adam. Qian ya samu tasa yana raye, ya kuma ƙara shekara goma a duniya. Yao da Zhao ma suna cikin jerin, shekara 31 bayan mutuwarsu. Ina roƙon in za ku sake buga hoton Qian, ku nemo na Yao ku ajiye kusa da shi.

 

Naku,
Tsohon malamin kimiyya,
Zariya.