SHARHI: Bayan ƙona majami'u, me ke riƙe 'yan EYN a cikin ikilisiyarsu?

A watan Maris na 2023 Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta cika shekara 100 da kafuwa. Tarihinta ya faro ne ranar 17 ga Maris, 1923, lokacin da wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkiɗa, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Bikin ya zo wa ikilisiyar tana ɗauke da tabon da ba kowace ɗarika ke da irinsa ba, domin yankin da ta fi ƙarfi, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa, shi ne Boko Haram ta daidaita.

Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace ranar 14 ga Afrilu, 2014, 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Gwoza ta faɗi a watan Agustan shekarar, Michika ta biyo baya, sannan a ƙarshen Oktoba mayaƙan suka mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. A 2020 shugabanta na wancan lokaci, Rabaran Joel Billi, ya shaida wa manema labarai cewa an kashe mabiyanta sama da 8,000, an kuma raba fiye da 700,000 da gidajensu. A farkon shekarar aka kashe Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar CAN a Michika, bayan an ga bidiyonsa a hannun waɗanda suka kama shi yana cewa bai karaya ba. Ko Garkiɗa, mahaifar ikilisiyar, an kai mata hari a watan Fabrairun 2020.

Duk da haka ikilisiyar ba ta mutu ba, ta ma koma Kwarhi. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka fi ji daga kan mumbari ita ce ƙarfin bangaskiya, ana kawo misalin Andimi ko na Leah Sharibu, ɗalibar Dapchi da aka ci gaba da tsarewa tun 2018 bayan an sako 'yan'uwanta, bisa rahoton cewa ta ƙi barin addininta. Babu mai musun wannan jaruntaka. Sai dai labarin jarumai ba ya bayyana yadda dubban talakawa, waɗanda ba a taɓa ɗora musu bindiga a ka don su sauya addini ba, suka ci gaba da haɗuwa kowace Lahadi a ƙarƙashin tamfol.

Abin da ya riƙe su ya fi kusa da ƙasa. A lokacin da ƙaramar hukuma ta watse, sarakuna suka yi hijira, asibiti da makaranta suka rufe, ikilisiya ce kaɗai ta rage da sanin wane ne ɗan wane, daga wane ƙauye ya fito, wa ya mutu, wa ya ɓace. Ta hannunta taimakon 'yan'uwanta na Amurka ya iso: hatsi, iri, taki, kwanon rufi, da tarurrukan warkar da zukatan waɗanda suka ga kisa da idonsu. Kuma nauyin yau da kullum ya fi sauka a kan Zumuntar Mata. Su ne ke zuwa gaisuwar mutuwa, su tara kuɗin magani, su karɓi marayu, su ɗauko tukunya da ganga su tayar da waƙa inda babu fasto. A sansanin Minawao na Kamaru, inda mutanen bayan dutsen Gwoza suka fake, haka aka sake kafa ikilisiyoyi tun kafin a samu gini. Wanda ya bar zumunta a irin wannan hali ba wa'azi kaɗai ya rasa ba, ya rasa waɗanda za su binne shi.

A nan ne tambayar ta yau take. Yaron da aka goya aka tsere da shi daga Michika ko Askira a 2014 ya zama saurayi a Yola, Jos, Masaka ko Legas. Bai san gonar kakansa ba. Margi, Bura, Kamwe ko Kibaku ba su zauna a bakinsa sosai ba, ita kanta Hausar da ta haɗa waɗannan ƙabilu a sujada tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, Turanci ya fara ture ta a birni. Kusa da shi akwai manyan majami'un Fentikos irin su Living Faith da Dunamis, da kayan kiɗa na zamani da wa'azin buɗi da ɗaukaka. Ga matashin da ya gama jami'a babu aiki, wannan saƙo ya fi daɗin ji a kan koyarwar haƙuri da ɗaukar gicciye. Wasu kuma ba su koma ko'ina ba, Lahadi ta zama ranar hutu ko ta neman na abinci. Dattawa kan ɗora laifin a kan waya da intanet. Wannan bayani ne mai arha. Ba waya ce ta raba yaro da ƙauyensu ba.

Akwai kuma batun da ba a cika son taɓawa ba. EYN ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami daga uwarta ta Amurka, tana koyar da yafiya da ƙin ramuwa. A watan Maris na 2018 Janar Theophilus Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu, yana zargin sojoji da rashin adalci. Maganar ta shiga zukatan matasan Kirista da yawa fiye da huɗubobi goma. Fasto da ke cewa a yafe yana magana ne da wanda aka yanka mahaifinsa, wanda kuma yake ganin gwamnati na gyara tubabbun 'yan Boko Haram tana ba su jari. Idan ikilisiya ba ta haɗa kiran yafiya da neman adalci a bainar jama'a ba, matashin zai ɗauke shi a matsayin sallamawa, ya nemi wani mai magana da zafin da yake ji.

Siyasa ma tana cin amanar da aka tara da jini. A watan Yulin 2022, wajen gabatar da Kashim Shettima a matsayin mataimakin Bola Tinubu, wasu mutane sun bayyana da rigunan bishop, CAN ta ce ba ta san su ba. Abin ya zama abin dariya a kafofin sada zumunta, amma darasin da matasa suka ɗauka ba na dariya ba ne: rigar malamin addini tana da farashi a kasuwar zaɓe. Wannan zargi ba a kan coci ya tsaya ba, matasan Musulmi na yi wa nasu malaman irinsa, kamar yadda Boko Haram ba ta bar masallatai da limamai ba.

Inda EYN ta fi samun abin nuna wa 'ya'yanta shi ne inda koyarwarta ta zama aiki. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa, wani ma'aikacinta, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsuguni da ya zaunar da 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi wuri ɗaya, da coci da masallaci. A Michika kuwa, bayan an kori mayaƙan a 2015, rashin yarda ya kai har ranar cin kasuwa ta rabu biyu. Matashin da ke auna ko zai zauna ko zai tafi yana kallon waɗannan wurare biyu.

Gwamnatin Babagana Zulum ta daɗe tana ƙoƙarin dawo da 'yan gudun hijira daga Kamaru, ciki har da na Minawao. Tsofaffi na marmarin komawa su sake ɗaga bangon majami'unsu a ƙauyukan Gwoza, inda har yanzu zuwa gona ke da haɗari. 'Ya'yansu da suka girma a sansani da birane su ne za su cika kujerun, kuma ba a cika tambayar su ba kafin a tsara komawar.