A Mayar Da Inuwa Wuraren Cin Abincin Ma'aikata Da Ɗalibai

Duk wanda ya ratsa ta sakatariyar gwamnati ko wata babbar makaranta a garuruwan Arewa da misalin ƙarfe ɗaya na rana, zai ga irin wurin da ƙananan ma'aikata da ɗalibai suke cin abinci. Galibi rumfar kwano ce a jikin katanga, an malala mata siminti, an jera benci biyu ko uku da 'yan kujerun roba. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yakan kai digiri 40 ko ya wuce a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, kwanon nan yakan ɗauki zafi ya riƙa juyo shi a kan masu cin abinci, simintin kuma ya riƙa mayar da nasa daga ƙasa. Masinja da akawu da direba sai su ci a gaggauce, gumi na zuba, su koma bakin aiki a galabaice, alhali kuwa manyan jami'ai suna can ofis cikin sanyin na'ura.

Wannan al'amari ya cancanci hukumomi su dube shi da idon basira, domin lokacin cin abinci shi ne ɗan hutun da ma'aikaci yake samu a tsakiyar yini, kuma shi ne yake ba ɗalibi ƙarfin komawa aji. Maganinsa kuwa ba ya bukatar makudan kuɗi. Abin da yake bukata shi ne itatuwa da tsirrai, da kayan da masu sana'ar hannu na ƙasar nan suka daɗe suna yi.

Sanin kowa ne cewa tun kaka da kakanni a gindin itace Bahaushe yake saye da sayarwa, yake hira, yake cin abinci. Sunayen unguwanni da garuruwa ma sun isa shaida. A Kano akwai Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Ceɗiyar 'Yan Gurasa, ga kuma garin Rimin Gado. Sunan Ceɗiyar 'Yan Gurasa kaɗai ya isa ya nuna yadda abinci da inuwa suke tafiya tare a wurin mutanen da. Mai fura da mai ƙosai da mai tsire kowa yana da bishiyarsa, kuma ba a kwatanta wurinsa sai da ita.

Abin takaici shi ne, a yau idan aka tashi gyara harabar ma'aikata, abu na farko da ɗan kwangila yake yi shi ne sare itatuwan da ya tarar, sa'an nan ya shimfiɗe filin kaf da siminti ko duwatsun daɓe na zamani. Bayan haka sai a kawo furannin roba a ɗora a kan tebur, a jera doguwar bishiyar nan siririya mai rufaffen ganye a jikin katanga, wadda inuwarta ba ta isa ko akuya ta fake ba. Cikin 'yan makonni ƙurar hunturu ta rufe furannin roba, rana ta kore launinsu. An kashe kuɗin jama'a, an yi ado don idon baƙo mai wucewa, wanda yake zama a wurin kullum kuwa an bar shi cikin rana. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Kada a ɗauka ƙyamar baƙon itace ake yi. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya yake, kuma a 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno. Ya karɓi ƙasar, ya jure fari, har ya zama shi ne adon titunan Maiduguri. Saboda haka ma'aunin da ya kamata a riƙa auna kowane itace da shi shi ne amfaninsa: yawan inuwarsa, da juriyarsa ga ƙarancin ruwa, da abin da zai ƙara wa tukunya.

A bisa wannan ma'auni, kamata ya yi a dasa manyan itatuwan inuwa irin su dogon yaro da mangwaro da maɗaci da tsamiya a yamma da kudancin wurin cin abinci, domin su tare ranar azahar da ta la'asar. Tsamiya tana da jinkirin girma, amma inuwarta mai duhu ce, kuma 'ya'yanta na shiga kunu. Ceɗiya kuwa ko iri ba ta bukata, reshe ake sara a kafa da damina ya kama. Sai dai ita da durumi saiwoyinsu na tafiya nesa, don haka a nisanta su da gini da bututun ruwa.

Tun da yake itace ba ya girma cikin dare ɗaya, sai a fara da rumfar zana ko ta asabari a kan ginshiƙan azara ko gora. Ciyawar gamba da ake saƙa zana da ita ba ta riƙe zafi kamar kwano, kuma iska tana ratsa ta. A shuka duma ko soso a gindin ginshiƙan, cikin damina ɗaya za su haye su rufe rumfar da ɗanyen ganye. Maimakon katangar bulo, a kewaye wurin da shingen lalle da zogale, waɗanda za su rage ƙura, zogalen kuma ya ba masu dafa abinci ganyen kwaɗo da na miya. A cikin tsofaffin tukwanen ƙasa a shuka na'ana'a da ɗaiɗoya don ƙamshi, a gefe kuma a sa lemun tsami da gwanda.

Ƙasan wurin ma ba lallai ne a rufe shi da siminti ba. Daɓen gargajiya da ake yi da tsakuwa da ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, yana da ƙwari kuma yana da sauƙin shara. A gindin kowane itace a bar fili don ruwan sama ya samu hanyar shiga ƙasa. A girka randa a inuwa da murfi da moɗa mai tsabta, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa shi ne yake sanyaya na ciki, ba tare da lantarki ba. A rufe abinci da faifai, a tanadi bencin katako da tabarmin kaba. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan akwai mai yinsa a kasuwar garin, kuma kuɗin da aka biya maginiyar tukwane da masaƙin zana a cikin gari zai tsaya.

Akwai masu cewa itatuwa suna jawo sauro da macizai da kashin tsuntsaye, kuma ruwan ban su zai yi wuya a inda famfo ba ya kawo ruwa kullum. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma tana da amsa. Sauro a cikin kwantaccen ruwa yake hayayyafa, maciji kuma a cikin juji da duhuwar ciyawa yake ɓuya, don haka shara da sassabe da gyaran magudana su ne maganinsu. Mangwaro da durumi suna jawo tsuntsaye da jemagu lokacin 'ya'ya, to sai a bar rufin zana a saman teburan. Batun ruwa kuwa, da wuya a sami ma'aikata ko makarantar da ba ta da wurin alwala da na wanke hannu, kuma ruwan nan kullum kwarara yake yi a banza yana zama taɓo. Ɗan ƙaramin lambatu zai kai shi gindin itatuwa. Idan aka yi dashe a watan Yuni ko Yuli, ruwan sama ne zai ɗauki nauyin watannin farko.

Babbar matsalar ita ce rashin mai kula. An sha yin bikin dashen itatuwa da kaɗe-kaɗe da jawabai, manyan baƙi su dasa, a ɗauki hoto, a watse, kafin mako biyu awaki sun cinye. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ko kwando ba, kuma ba a ɗora alhakinsa a wuyan wani mutum sananne ba, asarar kuɗi ne kawai.

Maƙwabta sun nuna abin da kulawa take haifarwa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun rungumi dabarar rainon tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwa a gonakinsu, har aka ƙiyasta cewa sun farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A 2007 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa shingen itatuwa a yankin Sahel don tare hamada, Nijeriya kuma ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015, mai aiki a jihohi 11 na Arewa. Idan manomi ya iya raya itace a dajin da ba famfo, babu hujjar da ma'aikatar gwamnati za ta kafa ta kasa raya goma a harabarta. Haka kuma da wuya talaka ya ɗauki kiran gwamnati na yaƙi da hamada da muhimmanci, alhali ya zo ofishin da ake yin kiran ya tarar da fili fetal.

Saboda haka ya kamata manyan sakatarori da shugabannin makarantu su hana sare kowane itace a harabarsu sai da izini a rubuce. Sashen gandun daji na kowace jiha ya ba da dashe kafin saukar damina, ƙungiyoyin ma'aikata da na ɗalibai su raba itatuwan a tsakanin sassa da azuzuwa, masu sayar da abinci kuma a sa ban ruwa da shara cikin sharuɗɗan ba su wuri. Ɗalibin da ya dasa dogon yaro a shekararsa ta farko, kafin ya karɓi takardar shaidar kammala karatu zai ci abinci a inuwarsa, na bayansa kuma su gaje ta. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.