Kafin Mu Ce Mota Ta Tsufa, Mu Duba Yadda Muka Riƙe Ta



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya same mu a tafiyar ta'aziyyar da ƙungiya ta yi zuwa Kontagora. Da motoci uku muka tashi daga Chanchaga bayan sallar asuba. Biyu na zamani ne, masu sanyi da ƙyalli, ɗaya ma ba ta cika shekara biyu a hannun mai ita ba. Ta ukun kuwa fijo 504 ce ta wani dattijonmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, wadda ya saya tun wasunmu suna firamare. Matasa sun yi ta zolayarsa wai a tafi da igiya saboda ja.

Mun wuce Zungeru, ba mu kai Tegina ba, sai ɗaya daga cikin masu ƙyallin ta fara tururi ta tsaya. Duk wanda ya san halin tsaron wannan hanya ya san ba wurin tsayawa ba ne, ga mata da tsofaffi a cikin mota. Fijon nan da aka raina ita ta kwashi matan ta kai su gari, ta dawo da makanike. Da ya buɗe, sai ya tarar lagireto cike da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake zubawa, an cire na'urar da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai-tsaye, wayar kuma ta ƙone ba wanda ya lura. Allah Ya tsare, ba abin da ya same mu sai asarar yini da kuɗin gyaran inji.

A hanyar dawowa muka tambayi dattijon sirrinsa. Sai ya buɗe aljihun motar ya ciro wani tsohon littafi. A ciki ya rubuta ranar kowane juyen baƙin mai, lambar kilomita a ranar, abin da aka canza da wanda ya yi aikin. Ya ce makanike biyu kacal suka taɓa motar tun da ya saye ta, uba da ɗansa.

Ra'ayinmu a nan shi ne: a halin da ake ciki yau, motar da ta fi mana amfani ita ce wadda ke hannunmu, in dai za mu ba ta haƙƙinta. Yawancin motocin da muke cewa sun gaji, mu muka gajiyar da su.

Iyayenmu sun san wannan. Kamfanin fijo na Kaduna, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. A zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan jami'an gwamnati. Ma'aikaci kan karɓi bashin mota sau ɗaya, ya sayi fijonsa sabuwa dal, ya kai yara makaranta da ita, ya kai amaren 'ya'yansa da ita, ya yi ritaya tana nan. Gaskiya motar tana da ƙwari, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Amma fijo nawa ne aka saya rana ɗaya da ta dattijonmu, yau kaji ke kwana a cikinsu? Ƙarfe ɗaya ne, riƙo ya bambanta. Ko a Amurka, wani malamin makaranta mai suna Irv Gordon ya sayi Volvo a 1966, ya yi tafiyar sama da mil miliyan 3 da ita kafin rasuwarsa a 2018. Abin da aka san shi da shi kuwa shi ne bin ƙa'idar juye da gyara a kan lokaci.

Mu kuwa mun taso a zamanin 'yar Kwatano. Mota ta yi sauƙin samu, sai muka koyi canza ta kamar riga. Wanda ke da Golf yana hangen Honda, mai Honda yana hangen Camry, mai Camry yana hangen jif. Da zarar ta fara ƙara sai a yi mata fenti a kai wa dillali. To wannan zamani ya wuce. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma yawancin motoci da kayan gyara da dala ake shigo da su. Wanda ya sayar da motarsa yau da niyyar ƙaro kuɗi ya sayi wata, sau da yawa a Keke Napep yake ƙarewa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu da ke riƙe da littafin ƙungiya muna ganin abin ta wata fuskar. Cikin buƙatun da ke zuwa asusun taimako, bayan asibiti da kuɗin makaranta, sai na inji ya buga. Idan aka bi diddigi, sai a tarar baƙin man da ya kamata a juye tun kafin azumi an bar shi har bayan babbar sallah. An yi tsimin kuɗin galan ɗaya, an koma neman kuɗin inji sukutum.

Ga wasu halaye da suka zama mana jiki, waɗanda ke kashe mota tun kwananta bai ƙare ba.

Na farko, cire na'urar daidaita zafi, wadda makanikai ke kira tamostat, da hujjar wai don ƙasar sanyi aka yi ta. Aikinta shi ne ta sa inji ya kai zafin da aka tsara masa da wuri, ta kuma riƙe shi a nan. In aka cire ta, inji ya daɗe a sanyaye, ya ƙara shan mai, ya riƙa cin kansa a hankali. Idan mota tana zafi, akwai dalili: ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi. A nemo dalilin.

Na biyu, zuba ruwan famfo ko na rijiya a lagireto. Ruwan yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa a hanyoyin cikin inji, kamar yadda muke gani a gindin butar shayi. Ruwan sanyaya inji na gwangwani ko na jarka an yi shi ne don ya hana hakan.

Na uku, baƙin man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba, da zuba wa giya mai sarrafa kanta kowane irin mai aka samu. Kowace mota da irin man da kamfaninta ya rubuta. Ga ƙurar hunturu, ga ta ayyukan titi da ake yi a cikin Minna. Matacin iska da na mai suna buƙatar dubawa fiye da yadda muke yi.

Na huɗu, idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a liƙe ta da salatif ko a cire ƙwan. Motar zamani da kwamfuta take aiki, kuma fitilar nan ita ce bakinta. A kai ta a sa mata na'ura ta faɗi abin da ke damunta, maimakon a yi ta canza kaya da ka.

Na biyar, wanda ya fi duka haɗari, shi ne taya da birki. Tun da Michelin da Dunlop suka daina yin taya a ƙasar nan, kasuwa ta cika da na waje da na hannu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya na iya zama da zanenta raɗau alhali robar ta mutu. A kan kwalta mai zafi ta watan Maris, tsakanin Paiko da Lambata, ranar da za ta fashe ba ta sallama.

Kada a ɗora wa makanikai laifin duka. A Keteren Gwari da sauran garejojin garin nan akwai masu amana da suka san aikinsu. Mu ne za a ce mana ga mai kyau ga na bogi, mu ce a sa mai araha tukuna. Mu ne ke yawo da mota gareji biyar a shekara, kowa ya taɓa, ba wanda ya san tarihinta. Mu ne kuma ke karɓar mota mu ce za mu aiko da kuɗin aiki, shiru har wata ya mutu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mun san wani zai ce tsohuwar mota ramin kuɗi ce, ga shan mai, ga rashin kariyar da ta zamani ke da ita in an yi haɗari. Akwai gaskiya a nan, kuma ba mu ce a riƙe kowace mota har abada ba. Wadda tsatsa ta cinye ƙashin bayanta, ko wadda kayanta suka ɓace a kasuwa har sai an aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ana jiran sa'a, a rabu da ita kafin ta raba wani da ransa. Amma a yanke hukuncin da biro da takarda. A haɗa abin da aka kashe mata a shekara, a kwatanta da kuɗin da za a ƙara a sayi wata, tare da gyaran da ita ma sabuwar za ta nema, tunda ba mu san yadda mai ita na farko ya riƙe ta ba. Lissafi ya kamata ya sayar da mota. Jin kunyar a gan mu da ita a wurin ɗaurin aure ba hujja ba ce.

Saboda haka muna kawo shawara uku gaban taron wata mai zuwa. Kowane mai mota, ko mai Keke ko babur na haya, ya ajiye ƙaramin littafi irin na dattijonmu. A buɗe adashin gyara ga masu so, ana zuba kaɗan-kaɗan duk wata, don kada juye ya jira albashi. Sannan mu gayyato gogaggen makanike da jami'in hukumar kiyaye haɗurra su duba mana taya, birki da fitilu a filin taro, musamman motocin da ke ɗaukar jama'a idan tafiyar ƙungiya ta taso. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda ke da ƙarin shawara ko gyara, ƙofa a buɗe take, ya rubuta a ƙasa ko ya zo da ita taro. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya sa albarka a abin da ke hannunmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.