A Koya Mana Sunayen Tekuna Da Larabci A Kan Taswira

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wani abu da ya kamata mu duba. Yaro a Jushi ko Sabon Gari yana jin tsofaffi na cewa Bahar Maliya, ya zo makaranta a koya masa sunan tekun da Turanci, malamin Arabiyya kuma ya ce Bahrul Ahmar. Sai ya ɗauka tekuna uku ne, alhali guda ɗaya ne. Shi ne wanda alhazan da suka bi ta ƙasa suke hayewa daga Sawakin zuwa Jidda. A ganina abin da ya kawo wannan ruɗani shi ne hadda ba tare da taswira ba.

Sunayen nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Bahar Maliya daga Larabci ta fito, ma'anarta teku mai gishiri. Bahar Rum shi ne wanda Larabawan yau ke kira Bahrul Abyadul Mutawassiɗ, kuma tun 1869 mashigin Suwez ya haɗa shi da Maliya. Haka nan Sham da Hijaz da Habasha. Kalmar Sahel ma asalinta sahil ce, watau gaɓar teku, kamar an ɗauki hamada a matsayin teku.

Wani zai ce ai da Turanci za mu rubuta jarrabawar labarin ƙasa, ina amfanin wannan wahala? Gaskiya ne, amma ba don jarrabawa kaɗai muke karatu ba. Yawancin tarihinmu na da, da Larabci aka rubuta shi. A 1812 Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur, wanda a ciki ya kawo labarin ƙasashen Hausa har da Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma ya kira yankinmu Biladut Takrur. Littafin Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi labarin Tambutu da Songai ne. Wanda bai san Biladus Sudan na nufin ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara ba, sai ya zaci ana maganar ƙasar Sudan da ta sami 'yanci a 1956. Ga rubuce-rubucen Larabci na kakanninmu ajiye a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Idan mu 'yan Zariya ba mu iya karanta su ba, wa zai karanta mana?

Saboda haka ina roƙon malamanmu na Arabiyya da na labarin ƙasa su haɗa kai. A rataya taswira a aji, a rubuta kowane teku da yanki da Larabci da Hausa da Turanci, ɗalibi ya taso ya nuna da yatsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Iyaye kuma, idan mun dawo hutu, ku tambaye mu ina Sham take, ina Magrib. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.