In'ina: gida ne makarantar farko

Kusan kowane gari akwai mai in'ina. Magana tana sarƙe masa, ya maimaita harafi ɗaya sau uku ko huɗu kafin kalma ta fito. Abin yakan fara ne tun yaro yana da shekara 2 zuwa 5. Masana sun ce cikin yara 100, wajen 5 sukan yi ta, amma mafi yawansu tana barin su da kanta. Cikin manya, wajen mutum 1 cikin 100 take zama da shi, kuma maza sun fi mata yawa. Sau da yawa gado ce: in an bincika, za a tarar da kawu ko kaka mai ita.

Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne. Kai yaro wurin wanzami a yanke masa beli ko ƙarƙashin harshe ba ya magance ta. Sai dai a jawo masa zubar jini da miki.

Iyaye ba su ne ke sa in'ina ba. Amma mu a ganinmu, su ne ke sa ta yi nauyi ko ta yi sauƙi. Uba ya daka tsawa: "Yi magana mana!" Yaya ta karɓe zancen ta ƙarasa masa. Taubasai su riƙa kwaikwayon sa, a ce ai wasa ne. Wasan taubasai abu ne mai kyau, amma bai kamata ya taɓa wannan wuri ba. Yaron da aka yi wa haka yakan daina tambaya a lakkwal, ya ƙi zuwa aike, in ya girma ya guje wa taro.

Wasu iyaye suna cewa da gangan yake yi, tun da in yana waƙa ko karatun allo tare da yara ba ya sarƙewa. Haka in'ina take. Ba ƙarya yake ba.

Mu tuna Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A cikin Suratu Ɗa Ha ya roƙi Allah ya kwance masa ɗaurin harshensa, ya kuma nemi mataimaki daga cikin iyalinsa, wato ɗan'uwansa Haruna. Nauyin harshe bai hana a aike shi wurin Fir'auna ba.

To, in yaro ya fara magana, mu dube shi, mu jira ya gama. Mu rage saurin maganarmu, mu amsa abin da ya faɗa. In ɗan fari ne, kunya ta hana iyaye zama da shi, kaka ko goggo ta ja shi hira, ta gaya masa a fili cewa in'ina ba abin kunya ba ce. In abin ya wuce wata 6, ko yaro ya fara tsoron magana, a je gidan likita a nemi shawara.