Mu Leƙa Duniya: Tsohon Gida a Bakin Kogin Bankok

In kun duba buhunan shinkafa a kasuwar Maraɗi ko ta Yamai, za ku ga waɗansu daga ƙasar Tailan suka fito. To, a wannan wata can za mu je. Babban birnin ƙasar sunansa Bankok. Tun shekarar 1782 sarakunansu suke zaune cikinsa. Wani babban kogi ya ratsa birnin, ana ce masa Caw Faraya.

A bakin kogin nan akwai otel masu hawa talatin, har da fiye. Amma ba su ne zancenmu ba. Zancenmu wani ƙaramin masauki ne mai ɗaki 17, sunansa Praya Palazzo.

Asalinsa gidan wani babban ma'aikacin sarki ne. An gina shi a 1923, da fasali irin na Italiya. A 1946 ya koma hannun wata ƙungiyar Musulmi, aka mai da shi makaranta. Daga baya aka koyar da sana'o'i cikinsa, har aka rufe a 1996. Gida ya zama kango, ruwa da ciyawa suka cinye shi. Sai wani malamin zanen gini ya ɗauki aikin gyaransa. Bai rushe ba. Ya bi yadda magina na farko suka yi, ya tada shi.

Abin mamaki, mota ba ta kai baƙo ƙofar gidan. Sai ka tsaya a wancan ƙetare, jirgin ruwan masaukin ya zo ya ɗauke ka da kayanka. In za ka kasuwa, jirgi. In ka dawo da dare, jirgi. Mai gaggawa ba zai ji daɗin wurin ba.

Amma wanda ya zauna ya natsu, zai sha kallo. Da sassafe jirage cike da ma'aikata suna kai da kawowa. Can sai ga manyan kwale-kwalen kaya, uku ko huɗu ɗaure da juna, wani ɗan ƙaramin jirgi yana jansu a hankali, kamar yaro gaban raƙuma. Ruwan kogin kuma kullum yana hawa yana sauka, don teku ba ta da nisa, ita ke turo shi.

Kuɗin kwana ɗaya ya fi kuɗin buhun hatsi. Kada ku yi saurin cewa ɓarna ce. Katako da bango a bakin ruwa kullum gyara suke nema, ga ɗakuna kaɗan ne ke ɗauke da nauyin. Bankok kuwa kwari ne, da kaɗan ya ɗara teku tudu. A 2011 ambaliya ta halaka mutum fiye da 800 a ƙasar, ta shiga unguwannin bakin kogi. A ganina, kuɗin baƙo ne ya hana gidan faɗuwa. Sai dai abu ɗaya bai yi mini daɗi ba. Talakan unguwar, wanda watakila nan ya koyi karatu, yau ba shi da halin kwana ciki.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya bari sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Lokacin damina ta wuce, zafi ya ragu. Ya riƙa tambayar abin da ke cikin miya kafin ya ci, don mutanen Tailan suna sa naman alade ƙwarai. Akwai masallatai a wannan ɓangaren kogi, da masu saida abincin halal kusa da su.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.